Daga Gadau Zuwa Azare: Binciken Jami'a Da Tukunyar Talaka

A watan Yunin 2021 ne Gwamnatin Tarayya ta sanar da kafa sababbin jami'o'i 4, biyu na fasaha, biyu na kimiyyar lafiya, aka kuma ce ɗaya daga cikin na lafiyar a Azare za ta zauna. An ware wa kowace jami'ar lafiya naira biliyan 5 daga asusun TETFund domin ta kama aiki. Mutanen ƙasar Katagum sun yi murna, murnar kuwa tana da dalili. Shekara 10 kafin nan, a 2011, gwamnatin Jihar Bauchi ta buɗe tata jami'ar a Gadau, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Sa'adu Zungur. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a cikin garin Azare, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Jama'are, ga kuma babban asibitin tarayya da aka daɗe ana kira FMC. Ƙananan hukumomi 7 ne a shiyyar Bauchi ta Arewa, amma manyan makarantun da ke cikinsu sun isa wata jihar ta yi alfahari da su.

Sai dai alƙaluma ba ruwansu da murna. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. A karkara abin ya kai kashi 72, Jihar Bauchi kaɗai kuma ta ɗauki sama da mutum miliyan 5 daga cikin adadin. Wannan ma'auni ba kuɗin aljihu kawai ya duba ba. Ya duba nisan gida da asibiti, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da ruwan da ake sha, da makamashin da ake girki da shi, da ko abinci yana isar iyali. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koyarwa a azuzuwan Azare da Gadau, ana rubuta kundaye a kansu, ana ba da digiri. To, me ya hana abin da ke cikin kundin isa tukunyar mutumin Madara ko na Sakwa?

A nawa ganin, amsar ba a Azare take ba, tana nan Abuja, a kan teburan waɗanda ke karanta wannan shafi. Jami'a tana yin abin da aka biya ta ta yi, tana kuma bin ma'aunin da ake auna ta da shi. Wanda ya rubuta ƙa'idar bayar da tallafin bincike, da wanda ya tsara takardar tantance kwasa-kwasai, da wanda ya jera layukan kasafin kuɗi, su ne suka zaɓa wa malami abin da zai ɓata shekarunsa a kai, ko sun sani ko ba su sani ba. Kuma ba a yi yankin da ya fi Katagum sanin darajar takardar ofis ba. Daga nan Alhaji Sule Katagum ya fito, wanda ya daɗe yana shugabantar Hukumar Ma'aikatan Tarayya. Daga nan Alhaji Aminu Saleh ya fito ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya, haka Alhaji Mahmud Yayale Ahmed da ya riƙe Shugaban Ma'aikata sannan ya riƙe Sakataren Gwamnati, haka Malam Adamu Adamu da ya yi Ministan Ilimi daga 2015 zuwa 2023. Yankin da ya ba Najeriya waɗannan mutane yana da haƙƙin ya tambayi ofisoshin da suka zauna: an ba mu jami'a, yaushe za a ba ta aikin da ya shafe mu?

Ba yau bincike ya fara a wannan ƙasa ba, kuma wannan shi ne abin da matasan yankin da yawa ba su sani ba. Tun kafin a yi mafarkin jami'a a Gadau, an yi ɗakin bincike a can. A shekarun 1920, lokacin da ciwon barci ke kashe mutane, sammore kuma ke karkashe shanu a bakin kogunan Arewa, gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sansanin nazarin ƙudan tsando a Sherifuri, cikin ƙasar Katagum, ƙarƙashin wasu Turawa biyu, Llewellyn Lloyd da Dakta W. B. Johnson. Har shinge suka kewaye wani yanki na kurmi da shi don hana namun daji shiga, su ga ko ƙudan zai rasa jinin da yake sha. Daga baya aka mayar da cibiyar Gadau, inda wani masanin ƙwari mai suna T. A. M. Nash ya zo a 1933, ya shafe shekaru yana auna zafi da laima yana ƙirga ƙuda.

Abin da aka gano mai sauƙin faɗa ne, amma sai da aka sha rana kafin a tabbatar da shi. Ƙudan tsando ba ya jure zafi da bushewar bazara. Idan rani ya tsananta, sai ya tattare a cikin duhuwar bakin rafi inda akwai inuwa da sanyi, a nan kuma yake haɗuwa da mace mai ɗiban ruwa da makiyayi mai shayar da dabba. Ke nan ba sai an sare daji gaba ɗaya ba. A rage duhuwar mashaya da mahayi, an raba mutum da ƙuda. Da wannan sani aka tsara shirin Anchau a lardin Zazzau, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya, aka haƙa rijiyoyin siminti. Da shi kuma aka san inda za a yi feshi tun daga tsakiyar shekarun 1950 a kogunan Arewa maso Gabas, har aka kori ƙudan daga yankuna masu faɗi. Da yawa daga fadamun da ake noma da kiwo a cikinsu yau, a zamanin kakanninmu wuraren gudu ne.

Ban kawo wannan tarihi don yabon Bature ba. An tilasta wa mutane fitowa gwaji, an sa su aikin sarar daji ba da son ransu ba, an tashi dubban jama'a daga gidajensu a Anchau, maganin feshin da aka yi amfani da shi kuma daga baya duniya ta gane illarsa. Samarin yankin da suka riƙa shiga kurmi da 'yar raga suna kamo ƙuda, waɗanda a bisa guminsu aka gina alƙaluman, ba su ne sunayensu ke saman takardun da aka buga a Landan ba. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata mu ɗauka. Tambayar da aka je Gadau da ita tambayar wurin ce, kuma tun ranar farko akwai hukumar da ke jiran amsar don ta yi aiki da ita. Mai bincike da mai aiwatarwa igiya ɗaya ta ɗaure su. Igiyar nan ita ce muka tsinke.

Mu ɗauki wake, tunda ana nomansa sosai a wannan shiyya, kuma shi ne naman talaka. Matsalarsa kowa ya san ta. Da kaka kowa ya kwaso nasa ya kai kasuwa a lokaci guda, farashi ya faɗi. Manomi ya san idan ya jira wata 4 ko 5 zai sayar da daraja, amma ƙwari ba za su bar shi ya jira ba, domin kafin bazara buhun ya zama gari. Saboda haka ko dai ya sayar da arha, ya dawo da damina ya sayi waken da tsada a hannun wanda ya saya masa, ko kuma ya zuba masa fiya-fiya da sauran guba. Wannan gubar ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wanda Turawa suka ƙi kuwa, mu muka cinye shi.

Maganin wannan matsala ya fito ne daga wata jami'a a Amurka mai suna Purdue. Wani malaminta, Larry Murdock, tare da masu bincike na arewacin Kamaru, sun nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa idan aka zuba wake cikin leda mai kauri aka ɗaure tam, aka sake sa ta cikin wata, sannan aka sa cikin buhu, ƙwarin za su cinye iskar da ke ciki su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Ilimin ya tabbata, an buga shi, amma sai da aka yi kusan shekara 20 yawancin manoma ba su amfana ba. Abin ya sauya ne a 2007, lokacin da Gidauniyar Gates ta ba da kuɗi, ba don sabon gwaji kawai ba, sai don kai abin ga mutane. Aka nemo masu masana'anta, ciki har da kamfanin Lela Agro a Kano, su riƙa yin buhun. Aka nemo dillalai a kasuwannin ƙauye. Aka sa a rediyo. Malaman gona suka shiga dubban ƙauyuka a Najeriya da Nijar da maƙwabta, a cika buhu a gaban jama'a a ɗaure, bayan watanni a sake tara jama'a a kwance, kowa ya sa hannu ya taɓa. Masu binciken cibiyar INRAN a Maraɗi suka ci gaba da gwada buhun a yanayin ƙasar Hausa. Wannan shi ne buhun PICS da ake gani a kasuwa yau. Mai karatu ya lura: ba a ɗakin gwaji talauci ya ragu ba, a ranar kwance buhu ya ragu, kuma ranar nan sai da wani ya biya kuɗin man babur kafin ta yiwu.

Ba kuma sa'a Purdue ta taka ba. Tana cikin jami'o'in da dokar Amurka ta 1862 ta ba filaye bisa sharaɗin su koyar da noma da sana'a, sannan wata doka ta 1914 ta ɗaura malaman gona na gundumomi a jikin waɗannan jami'o'i, da kuɗinsu a kasafi. Mu ma mun taɓa kama wannan hanya a Samaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ita ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, wanda tsutsar fure da kwanso ba ta cin sa, har feshin da ake yi sau 6 zuwa 8 ya koma sau 2. Ana muhawara a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma muhawarar halas ce, amma wa ya fi cancanta ya shuka shi gefe da gefe da irin gida a gonakin Giade da Gamawa, ya auna, ya faɗa wa manomi gaskiya da harshensa, in ba jami'ar da ke Gadau ba? A Samarun nan ne kuma, a shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa suka zauna a ƙauyukan Zazzau suna ƙirga aikin manomi kwana da kwana, suka gano cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da masana ke kira ci baya, lissafi ne mai kyau ga wanda ba shi da jari kuma ba shi da tabbacin ruwan sama. Sun je koyarwa, sai suka dawo da karatu.

A ɓangaren lafiya, wanda shi ne aikin jami'ar Azare, alaƙar bincike da talauci ta fi fitowa fili. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Gidan da ke rufa wa kansa asiri, rashin lafiya guda ya ishe shi: a sayar da akuya, a sayar da hatsin da aka ajiye, daga nan a jinginar da gona. Zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya tashi sai tsakiyar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gona ke neman hannu. Maganin rigakafin da ma'aikata ke bi gida-gida suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina, wanda iyaye mata a Bauchi sun saba da shi yanzu, bai faɗo daga sama ba. Malaman Jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar da na Jami'ar Bamako, tare da abokan aikinsu na Landan, su suka gwada shi a ƙauyukan Senegal da Mali, aka ga yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi uku cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, aka fara shi a Jihar Katsina a 2013. Malaman jami'ar Afirka ta Yamma ne, masu fama da irin matsalolin da namu ke fama da su.

Abin da ya ba su damar yin haka shi ne suna da ƙauyukan da suka san kowane gida a cikinsu. Misalin da ya fi kama da mu shi ne Navrongo, a arewacin Ghana, ƙasar gero da rani mai tsawo. Tun ƙarshen shekarun 1980 masu bincike a can suka yi rajistar kowane gida a gundumar, suna komawa lokaci-lokaci suna rubuta wanda aka haifa, wanda ya rasu da abin da ya yi ajalinsa, da wanda ya yi ƙaura. A kan wannan rajista aka tabbatar cewa sinadarin bitamin A da gidan sauro mai magani suna rage mutuwar yara. A kanta aka gwada zaunar da ma'aikaciyar jinya a cikin ƙauye da babur ɗinta maimakon jiran majinyaci a asibiti, gwajin da gwamnatin Ghana ta mayar da shi tsarin ƙasa baki ɗaya.

Da ni ake shawara, wannan shi ne aikin farko da zan nema wa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Azare: ta zaɓi wasu gundumomi a Katagum da Shira da Zaki ta yi musu irin wannan rajista, ta riƙe ta shekara 20. A yau idan aka tambayi mata nawa ne suka rasu wajen haihuwa bara a ƙasar Zaki, abin da za a kawo ƙiyasi ne da aka gutsuro daga binciken ƙasa baki ɗaya, domin wadda ta rasu a ɗakinta ba ta shiga littafin asibiti. Lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a 2023 ta taɓa Jama'are da Katagum, da akwai rajistar da ta nuna unguwannin da yaransu ba su yi rigakafi ba, da an san inda za a fara. A ƙasan kogi kuma, wajen Hadeja da Gashuwa, an daɗe ana kukan yawan ciwon ƙoda, har Jihar Yobe ta sa cibiyar bincike ta jami'arta da ke Damaturu ta bi diddigin abin. Ruwa ɗaya ya haɗa mu da su. Bai kamata Azare ta jira sai gadajen wankin ƙoda sun cika kafin ta fara tambaya ba.

Matsalar irin wannan aiki ita ce ba shi da ƙyalle da za a yanke. Babura ne da mai, da 'yan na'urorin hannu, da albashin masu bi gida-gida, shekara bayan shekara. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tsara kasafi ya san yadda gini ke wucewa salin-alin, kuɗin gudanarwa kuma shi ake fara datsewa. Ga shi masarauta ta riga ta tanadi rabin aikin: babu haihuwa ko rasuwar da ke wuce mai unguwa da liman. Wannan tsari na hakimai da dagatai shi aka jingina da shi a yaƙi da shan inna har aka tabbatar da kawar da ita daga Najeriya a watan Agustan 2020.

Sai kogi. Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa wannan shiyya, ya wuce ta gefen tsohon garin Katagum, inda fadar masarautar take kafin a dawo da ita Azare a 1916, ya je ya haɗu da kogin Hadeja a fadamun Hadeja da Nguru. Shi ne arzikin masu shinkafa da masunta da makiyaya, shi ne kuma ke cinye gonaki da gidaje a Zaki da Gamawa da Itas/Gadau idan ya yi fushi. A daminar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a kusa da Azare. Sama da shekara 40 ke nan ana ja-in-ja a kan madatsar Kafin Zaki, Bauchi na so, Yobe da Borno na tsoron a tare musu ruwa. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, sun lissafa abin da fadamun ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala can ya fi kawo amfani a kan wanda aka tare don noman rani a Kano. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, da wannan lissafi ake kafa hujja har gobe. Abin tambaya shi ne, ina namu lissafin? Jami'ar da ke zaune a bakin wannan kogi ya kamata a ce ita ke riƙe da ma'aunin hawansa da saukarsa na kowace rana, ita ke gaya wa manomin fadama irin shinkafar da ke jure nutsewa, ita ke nazarin kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasan kogi tun bayan gina madatsun Tiga da Challawa.

Me ya sa malami ba ya yin waɗannan? Domin ba wawa ba ne. Ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalun da aka buga a mujallu ake samunsa, musamman na ƙetare. Malamin da ya shafe damina biyu yana gwajin iri da manoma, ya rubuta ɗan littafi da Hausa ko Fulatanci, ya shiga rediyo ya yi bayani, idan ya zo gaban kwamitin ƙarin girma abin da ya tara bai kai na wanda ya raba takardar tambayoyi 200 a cikin harabar makaranta ya biya wata mujallar intanet ta buga masa ba. Mu da ke tace labarai muna ganin alamar wannan kullum. Sanarwar da ke zuwa mana daga manyan makarantu, in ba bikin yaye ɗalibai ba, to ƙaddamar da gini ne ko ziyarar ban girma. Da wuya ka ga wadda ta ce ga abin da muka gano, ga garin da aka gwada, ga abin da ya sauya.

Kuɗin kuwa akwai, ko da bai isa ba. Harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni ya tashi daga kashi 2 zuwa 2.5, sannan zuwa 3 a 2023. Asusun Bincike na Ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund ya kai naira biliyan 8.5 a 2021, lokacin shugabancin Farfesa Suleiman Bogoro, shi ma ɗan Jihar Bauchi. Gyaran da ake buƙata na alƙalami ne. A rubuta cikin ƙa'idar tallafi cewa duk binciken da ya shafi noma, lafiya ko ruwa, wani kaso na kuɗinsa ba za a sake shi ba sai don kai sakamako ga jama'a, kuma tun wajen neman tallafin a ga sa hannun hukumar da za ta yi aiki da shi, ko BSADP ce ko hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. A koma bayan shekara 3 a tambaya gida nawa ke amfani da abin, ba takarda nawa aka buga ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sa wannan cikin abin da take dubawa idan ta je tantancewa, yadda take ƙirga littattafai da kujeru. Sannan kafin a zaɓi batutuwan da za a ba fifiko, a zauna da ƙungiyoyin manoma da makiyaya da ungozomomi, ba don ɗaukar hoto ba. Wanda ke kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya a mafi yawansa. Ɗakin gwajin da ba wuta ba ya bincike. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, wanda ya zauna gida wata 8 a yajin aikin 2022, wanda ke koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, ba a yi masa adalci ba idan aka ce shi ya hana talauci tafiya. Sabuwar jami'a kamar ta Azare kuma tana da nauyin yaye likitoci da ma'aikatan jinya, wanda shi kansa babban aiki ne a jihar da ke ƙarancinsu. Akwai kuma masu cewa ilimi ba ɗan aike ba ne, dole a bar wani ya bi tambayar da ba a san amfaninta ba tukuna. Na yarda, kuma ban ce a mayar da kowane farfesa malamin gona ba. Bincike ma ba ya maye gurbin taki da hanya da tsaro. Amma a ƙasar da kuɗin ya yi kaɗan, zaɓin inda za a sa shi ya fi nauyi, kuma a halin yanzu ma'aunin ya karkata gaba ɗaya zuwa ga abin da editan mujalla a wata nahiya zai karɓa.

Ga hadiman 'yan majalisa kuma, ku da kuke jera ayyukan mazaɓu kowace shekara, akwai abin da ke hannunku tun kafin a gyara wata ƙa'ida. Kekunan ɗinki da babura da injinan markaɗe sun cika takardun nan, kuma babu wanda ya taɓa komawa ya ƙirga nawa ne ke aiki bayan shekara guda, nawa aka sayar a ranar da aka raba. Sashen tattalin arziki na jami'ar Gadau zai iya yin wannan ƙirga da kuɗin da bai kai na babura 10 ba, ya gaya wa mai gidanku wane tallafi ne ke zama, wane ne ke bin iska. Mai yiwuwa amsar ba za ta yi daɗi ba. Layi ɗaya kuma a cikin jerin zai iya ɗaukar nauyin gwajin buhun ajiya a kasuwannin mazaɓa, ko ma'aunin ruwa a gadar Jama'are da albashin mai karanta shi.

Akwai ma wani ɗan aiki da ya fi waɗannan arha. Rahotannin da aka rubuta a Sherifuri da Gadau, da bayanan zafi da ruwan sama da itatuwa da namun dajin da ke wurin shekara 90 da suka wuce, suna warwatse a tsofaffin mujallun Ingila da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ga mai nazarin sauyin yanayi da gurgusowar hamada a arewacin Bauchi, wannan shi ne ma'aunin farko da zai gwada yau da shi. Ma'aikacin laburare ɗaya, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da izinin tafiya na wata 2, sun isa a dawo da kwafinsu Gadau, a kuma fassara muhimmansu zuwa Hausa, domin jikokin masu kamun ƙudan nan su karanta abin da kakanninsu suka ƙirga.